Waƙoƙin Mai Tirela

Duk shekarun da Mai Tirela ya yi yana jan babbar mota, babu abin da ya tara kamar kaset. Garin da ya sauke kaya sai ya sayi waƙar mutanen wurin, ko yana jin yarensu ko ba ya ji. Lokacin da ciwon baya ya raba shi da sitiyari, kwalayen kaset da faifai sun cika ɗakin baƙi har bakin taga.

Da damina ta kankama, rufin ɗakin ya yi yoyo. Ya buɗe kwalin da ke jikin bango, ya tarar zaren kaset ɗin ya manne, ya yi fumfuna. Ya zauna a ƙasa da guda ɗaya a hannu.

"Baban Auta," in ji matarsa daga bakin ƙofa, "ko ka san yadda za ka yi da su, ko ruwa ya ƙarasa maka aikin."

Autarsu ma'aikaciyar jinya ce a wani gari. Da ta zo hutu, ta taho da tsohuwar kwamfutarta, da rediyon kaset mai wayar haɗi, da na'urar sauti mai sifiku da yawa, irin wadda ake jona wa talabijin. Sai ta fito da wani ɗan akwati baƙi da bai fi tafin hannu ba.

"Baba, duk abin da ke ɗakin can zai shiga cikin wannan."

"Ke, ni za ki raina wa hankali?"

Ta nuna masa yadda ake juye kaset zuwa kwamfuta, daga nan zuwa akwatin. Hutunta ya ƙare, ta koma, ta bar shi da aikin.

Ya sha wuya. Yatsunsa manya ne, in ya nufi maɓalli ɗaya sai ya danna biyu. Wata rana ya goge aikin da ya daɗe yana yi, ya miƙe ya ce ya haƙura. Da ya sha ruwa ya huce, ya dawo ya sake daga farko. Kaset ba ya juyuwa sai an saurare shi har ƙarshe, don haka gidan ya wuni cikin kiɗa wata da watanni. Wanda ya tsinke, ya buɗe shi da ƙaramin sukudireba ya liƙe. Rubutun da ya koɗe kuwa matarsa ce ke karanta masa, tana mita tana jawo kujera kusa. Bai jera waƙoƙin da sunan mawaƙa ba, da yawa ma bai san sunansu ba. Da hanya ya jera su: na hanyar tsauni daban, na bakin teku daban.

Da ya gama, ya huda bango ya rataye ƙananan sifiku biyu a bayan doguwar kujera, ya ajiye babbar a ƙarƙashin talabijin, ya jona ɗan akwatin, ya tura wayoyin ƙarƙashin kafet. Sannan ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa da rana tsaka.

Dogo, wanda suka yi shekaru suna karɓa-karɓar tuƙi a mota ɗaya, tun daga ƙofa ya fara tsiya.

"An ce ka zama injiniya. To ina kayan? Wannan ɗan sabulun?"

"Zauna ka faɗi waƙar da kake so."

Dogo ya yi murmushin mugunta. "Ka tuna ranar da motarmu ta lalace a gindin gada, muka yi zaman jiran makaniki? Akwai wata mata mai siririyar murya da mai shayin wurin yake ta sakawa. Ita nake so."

Sauran suka kwashe da dariya, suna cewa Dogo ya ƙure shi. Mai Tirela ya gyara tabarau, ya ɗauki rimot, ya shiga hanyar tsauni, ya gangara ƙasa kaɗan, ya danna.

Ganga ta fara bugawa daga bayan kujera. Dogo ya zabura ya waiga, yana neman wanda ya shigo da ita. Kafin dariyar ta lafa, muryar matar ta cika falon tas, babu shaƙewa, kofunan da ke kan tebur suna rawa. Bakin Dogo ya shiga bin waƙar da bai taɓa sanin ma'anarta ba. Can ya dafa gwiwarsa mai ciwo, ya miƙe ya fara taka rawa.

Daga nan kowa ya shiga jefo tasa, Mai Tirela yana fito da su ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. Maƙwabcinsu mai kantin magani ya leƙo da niyyar cewa a rage ƙara, aka matsa masa, ya zauna.

Dogo ya faɗa kan kujera yana haki.

"Akwai buhun kaset a ƙarƙashin gadona. Gobe zan kawo."

"Ka kawo," in ji Mai Tirela, yana ƙara sauti. "Amma kai za ka zauna ka danna da hannunka. Ni yanzu malami ne."