Shaidar Na'iya a Kan Takarkarina

Ni Almu, da hannuna na kai ɗan ƙanena Na'iya makarantar boko, don haka ba ni da wanda zan zarga. Zamanin Turawa ne, ana saura shekara fuɗu su tafi, ya dawo Tambuwal daga kwalejin horon malamai da tabarau da wani ilimi wai shi fiziks.

Kullum bayan la'asar sai ya zauna ƙofar gidana ya tara mutane. Wai komai na duniya, daga dutse har hancina, da ƙwayar zarra anka gina shi, kuma cikin kowace ƙwaya akwai 'ya'ya masu zagaye. Wai haske ba zuba yake kamar kunu ba, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa kamar gero. Abin da ya fi so shi ne wannan: in ka san inda ɗiyar zarra take, ba ka san gudunta ba, in ka san gudunta, ta ɓace maka. Kallon ma da kake mata ture ta yake yi. Mutane su ce "Allah mai iko," ni kuwa ina ta fankama, ɗana ya zama masani.

Ina da takarkari fari mai karyayyen ƙaho. Shi ke kai mani hatsi kasuwa shekara tara, ba ni da wani. Rannan da hantsi ya ɓace daga fadama. Na'iya na kan hanyar makaranta ya hangi Ɗan'iya, wani dillalin shanu na Kebbe, shina jan shi da igiya da sauri. Munka bi sawu har Kebbe, munka tarar da san a turken Ɗan'iya, ya ce gadonsa ne.

Gaban alƙali munka tafi. Alƙali ya ce hukuncin a fili yake: in na kawo shaida ɗaya mai yaƙini, na rantse, sa nawa ne. In shaidata ta faɗi, Ɗan'iya ya rantse ya tafi da shi.

Na'iya ya miƙe, ya gyara tabarau, ya faɗi abin da ya gani. Har na fara hamdala. Ashe Ɗan'iya, la'ananne, ya sha zama ƙofar gidana ranakun kasuwa shina sauraren karatu.

Ya ce, "Allah gafarta malam, a tambaye shi. Shi ne ke koya wa mutane ba a sanin inda abu yake da gudunsa lokaci ɗaya. Ga shi yau ya ce ya gan ni a fadama, kuma ina sauri."

Alƙali ya dubi Na'iya. "Malam, kai ka faɗi haka?"

"Ni na faɗa, Allah gafarta malam. Amma a kan 'ya'yan zarra nike magana. Ga babban abu kamar takarkari, rashin tabbas ɗin bai kai a lura da shi ba."

"Shi takarkarin da mene anka gina shi?"

"Da ƙwayar zarra."

"Ɗan'iya fa?"

"Shi ma."

Alƙali dattijo ne mai tausayi, wallahi ƙofa ya buɗe mana. Ya ce, "Bar zarra, ɗana. Shari'a kalma ɗaya take so. Ka tabbata, tabbacin da babu ko ƙwayar shakka a cikinsa?"

Na taka ƙafar Na'iya. Na ƙara takawa. Ya dubi jama'ar da ta cika zauren, cikinsu har da masu zuwa jin karatunsa, ya yi gyaran murya.

"A ilimance, Allah gafarta malam, babu tabbaci irin wannan. Amma kusan..."

"Ba a yanka hukunci da kusan," in ji alƙali. Ya sa anka kawo wa Ɗan'iya ruwan alwala don ya rantse.

Raina ya ɓaci har na ji ɗaci a bakina. Yaron da na ciyar tun mutuwar ubansa ya gwammace a ce masani ne da a ce Baffansa na da sa.

Da munka fito, ya biyo ni shina cewa, "Baffa, ka fahimce ni, ba taimakonka na ƙi yi ba, ƙa'ida ce..." Ɗan'iya ya kwance takarkarin ya biyo da shi ta gabanmu. San na jin warina ya ja tunga, ya fizge igiya, ya zo ya tura hancinsa cikin hammatata, inda ya saba neman dusa. Sai da mutum uku sunka taru kafin su janye shi, shina waiwaye shina kuka.

Na ce, "Na'iya, dube shi da kyau. Da zarra anka gina shi, bai taɓa shiga aji ba, kuma bai ce kusan ba."

Buhun gero biyu ke jirana a gida, Litinin kasuwa. Na gaya masa ya cire tabarau ranar, kada gammo ya fasa su.