Motar da Za Ta Ɗauko Zenon

A ƙauyen su Mirofora komai biyu ne. Gidan gahawa biyu, ƙungiyar ƙwallo biyu, motar zuwa Nikosiya biyu: ɗaya ta 'yan shuɗi, ɗaya ta 'yan ja. Ɗan shuɗi ya gwammace ƙishi ya kashe shi da ya kurɓi gahawar 'yan ja.

Turawan Ingila sun fara ɗaure kaya za su bar Kubrus, amma Zenon, ɗan Mirofora, yana tsare a sansaninsu. Mijinta Piyeris kuwa yana kwance, ciwon ƙirji ya cinye shi, ba ya kiran kowa sai Zenon. Baturen sansanin ya ce zai saki yaron in shugabannin jam'iyyun biyu suka zo tare suka tsaya masa. Abu mai sauƙi, in ji wanda bai san su ba.

Hambis, shugaban 'yan shuɗi, ya ce ba zai taka gidan gahawar Tofis ba. Tofis, shugaban 'yan ja, ya ce shi ma Allah ya kiyaye. Aka ajiye tebur a tsakiyar titi, kowa ya zo da kujerarsa da kofinsa.

"Motarmu za a shiga," in ji Hambis.

"Wannan akwalar? Ko jakina ba zan sa a ciki ba."

"Jakin naka ai shi ne sakatarenku."

Mirofora ta tsaya a kansu, zuciyarta na tafasa. "'Ya'yana, ku tafi ko a ƙafa ne. Mutumin nan ba ya ko iya haɗiyar ruwa."

"Inna, yi haƙuri," in ji Tofis. "Maganar ta fi ƙarfin gida ɗaya. Ƙasa ake ginawa."

Aka ɗage zama. Aka sake zama, aka sake ɗagewa. Daga ƙarshe dai aka daidaita: a tafi a ta shuɗi, a dawo a ta ja. Sai Hambis ya farga cewa a motar dawowa ce jama'a za su ga Zenon. Magana ta koma ɗanya.

Ranar da Piyeris ya cika, Baturen da kansa ya sa soja ya kawo Zenon a motar jif, amma yaron ya tarar an riga an rufe wa ubansa ido.

A ƙofar coci sai ga Hambis da Tofis kafaɗa da kafaɗa, cikin baƙaƙen kwat, duk ƙauye na kallo.

"Inna, mun daidaita," in ji Hambis. "Tare za mu ɗauki akwatin gawar. Ko gardama ba mu yi ba."

Mirofora ta dube su, ta ji ta tsane su har cikin ƙashinta. Ta yafito Zenon da 'yan'uwan marigayin, suka sa kafaɗa.

"Ku koma teburinku," ta ce wa Hambis da Tofis. "Shi wannan ba ya jira."