Takalman Merle

In ka ga takalmin kaboyi da ganyen auduga uku ɗinke a hancinsa da koren zare, ka kifa shi ka ga layi uku na ƙusoshin icce a ƙarƙashi, to na shagonmu ne. Mahaifina ya buɗe shagon a nan yammacin Texas tun kafin a sa wa titi kwalta. Ganyen aikin Merle Tackett ne, ƙusoshin kuma nawa. Shekara talatin muna zaune baya da baya, shi yana kan keken ɗinki, ni ina riƙe da guduma.

A kan gam muka ɓata. Merle ya ce mu daina ƙusar icce mu koma manna tafin takalmi kamar kowa. Na ce ya je ya manna a shagon ubansa. Ya tattara zarensa ya koma wajen dangin matarsa, can kusa da garin Amarillo. Na san bakina ne ya yi kaushi, amma ban taɓa ɗaga waya ba. Shi ma haka.

Sai dai duk shekara biyu, kwali yakan iso ta gidan waya: takalmansa, waɗanda muka yi tare, a sake musu tafi. Ba wasiƙa, ko gaisuwa babu. Ni ma in gyara in mayar, ba uffan. Amma tafin takalmi ba ya ɓoye komai. Merle yana taka ƙafar hagu a karkace, dunduniyar takan cinye ta waje. In na ga taki a maƙale, na san yana bin shanu. Nakan ajiye su a kan tebur kwana uku ina yi musu faɗa, don ba wanda ya rage da zan yi wa. Ƙafafun katakon da muke ɗinka takalmi a kansu suna jere a bango, amma rabin masu sunayen da ke jikinsu suna maƙabarta.

Wancan zuwan, shekara biyu da suka wuce, tafin duka biyun ya cinye daidai wa daida, sumul. Na yi dariya na ce, "Tsohon banza, sai yanzu ka koyi tafiya?" Na buga ƙusoshina na mayar.

Bana da na buɗe kwalin, tafin yana nan yadda na aika shi. Ko ƙura bai taka ba. Na rufe shago, na hau a-kori-kurata, na yi awa biyar ina tuƙi ina shirya abin da zan ce. Na yanke cewa in na same shi a keken guragu, zan fara da zagi, sannan in ba shi haƙuri.

Wanda, matarsa, ita ta buɗe ƙofa. Ta dube ni, ta dubi takalman da na rungumo.

"Chebo, ka tsufa," ta ce. "Shigo, akwai kofi."

"Ina mai taurin kan?"

"Zauna tukuna."

Ban zauna ba. Ta goge hannunta a jikin riga.

"Shekara uku ke nan da rasuwarsa, tun bazara. Zuciya ce."

"Amma ai ya aiko wancan karon."

"Ni na aiko. Shi ya sa ni alkawari. Ya ce, 'Wannan jakin ba shi da kowa sai takalmana. Ki riƙa goga su a siminti kina aika masa.' Na yi sau ɗaya, yini guda ina durƙushe a bakin gareji. Bana na ɗauko su na kasa." Ta ja kujera. "Ya ce ba za ka gane ba. Ni na ce za ka gane, shekara talatin kana kallon ƙafar mutum."

Na juya takalmin hagu a hannuna, ina kallon dunduniyar.

"Na gani, Wanda," na ce. "Dariya na yi."