Hasken da Dakta Sahabi Ya Sata

Zulai'atu ɗiyar mai jirgin fito ce a Warra, kuma ita ce mace ta farko daga garin da ta karanta ilimin taurari a jami'a. Abin da take nema ba a ganinsa. Masana sun ce sararin sama cike yake da wani baƙin abu marar haske, wanda nauyinsa ke riƙe taurari kada su watse. Idan ƙwayoyinsa biyu suka yi karo sai su halaka juna, su bar wani haske mai ƙarfi da ake kira gamma. Wannan hasken take farauta cikin bayanan da wani tauraron ɗan adam ya tattaro.

Ta daɗe tana lissafi kafin ta ga hasken ya fi yadda ake zato a tsakiyar garken taurarinmu. Ta kai wa malaminta, Dakta Sahabi. Ya yaba, ya karɓi aikin, ya buga shi da sunansa shi kaɗai. Da ta yi magana ya ce ba ta da ladabi, ya hana ta ƙarasa digirinta. Ta dawo sabuwar jihar Kebbi tana koyar da lissafi a wata sakandare a Yelwan Yauri.

Ba ta daina aikin ba. A Yelwa ta gano cewa ta yi kuskure tun farko. Ba ta cire hasken da iskar gas da ke tsakanin taurari ke fitarwa ba yadda ya kamata. Da ta cire shi, rarar ta kusan ɓacewa. Ba ta gaya wa kowa ba.

Wata ranar kasuwar Warra tana gida hutu, tana taya Inna jera kifi a kan banda, sai ga mota a ƙofa. Dakta Sahabi ne. An gayyace shi taron masana a Turai, kuma akwai wurare a cikin aikin da bai iya bayyanawa ba.

Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa.

"Zulai, abin da ya wuce ya wuce," in ji shi. "Ki duba mini lissafin nan kafin in tafi."

"Malam, in an je can, za a ambaci sunana?"

Ya kurɓi ruwa. "Ai an riga an buga. Sauya suna yanzu sai ya jawo surutu."

Ta karɓi takardun tana juya su a hankali. Ta iso shafin da kuskuren yake, ta ɗan tsaya, ta wuce. Ta bayyana masa duk abin da ya tambaya dalla-dalla, har ya riƙa gyaɗa kai.

"To babu wata matsala?"

"Malam, aikinka ne. Kai ka fi ni saninsa."

Bayan tafiyarsa Inna ta dube ta. "Mutumen da ya sa ki kuka shi kika yi wa wanga karamci? Mi kike ƙullawa?"

"Ba komai, Inna. Na bar shi da abin da ya ɗauka."

Da damina ta ja, ƙawarta Hansatu, wadda ke koyarwa a sashen da Dakta Sahabi ke shugabanta a jami'ar, ta zo Yelwa da labari. Wani tsohon masani ya tashi a taron ya tambayi yadda aka cire hasken gas. Dakta Sahabi ya yi ta kame-kame a gaban jama'a, daga ƙarshe ya ce ɗalibarsa ce ta yi wannan ɓangaren. Aka tambaye shi ina sunanta a takardar. Jami'a ta kafa kwamiti, aka sauke shi daga shugabancin sashe.

Zulai'atu ba ta ƙoshi ba. Ta hau mota ta je jami'ar, ta same shi a ɗakin malamai cikin abokan aikinsa. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Malam, na zo yi maka barka da hanya. Yaya mutanen Turai?"

Ya ɗago idanu jajur. "Kin sani tun a Warra."

"Tun kafin Warra," ta ce, yadda kowa zai ji.

Kwamitin ya kira ta ta ba da shaida, ta bayar. Digirin dai ba a mayar mata ba, domin wasu malamai sun ce wadda ta iya yi wa malaminta haka ba abin riƙo ba ce. Hansatu ta tambaye ta ko ta yi nadama.

"Ko kaɗan," ta ce, ta ɗauki jakarta ta nufi tashar motar Yauri.