Matar da Ta Wanke Safar Casimiro

A garinmu, Puerto Almendro, ko yaron da bai fara makaranta ba ya san ba a wanke safar da ake cin wasa da ita. Riga a wanke, wando a wanke, amma safa sai ranar da aka sha kashi. Haka muka taso muka tarar, babu kuma wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ƙungiyarmu ta besbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, sunanta Kunkuru. Kofi ɗaya ta taɓa ci a tarihinta, kuma hannun Casimiro ne ya ciyo mana shi, dogon mai jifan nan da ƙwallonsa ke lanƙwasa a iska kamar ta tuna wani saƙo. Kakar da ta biyo baya muka buɗe ta da nasara goma sha huɗu a jere. Sai wata Lahadi Casimiro ya shiga ɗakin canja kaya, ya tarar da safarsa fara tas, a ninke, tana ƙamshin sabulu. Waɗanda suke wurin sun ce zama ya yi a ƙasa. Ranar aka ba mu goma sha ɗaya da nema.

Mai wanki ɗaya ƙungiyar take da ita, Doña Fredesvinda, wadda muke kira Doña Vinda. Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki, kuma ba ta taɓa fashin wasa ba. Kujerarta tana layi na uku, daidai bayan mai cafke ƙwallo, inda take gyara wa alƙalin wasa kurakuransa kyauta. Da aka tambaye ta zancen safar, ba ta musa ba, ta ce ita ta wanke.

Don Eleuterio, mai injin casar shinkafa, shi ne mai ƙungiyar. Ya so ya sallame ta, amma duk lardin babu wanda ya iya fitar da jan ƙasa daga farin wando kamar ita. Sai ya yanke hukunci: aiki ta ci gaba da yi, amma duk ranar wasa, kafin ƙarfe goma sha biyu, ta tabbatar ta haye gada ta bar ɓangaren filin gaba ɗaya. Ta roƙa ko a bar ta ta leƙa ta ramin katanga. Aka ce sa'a ba ta san katanga ba.

Daga nan aka fara gangara. Idan za a faɗi gaskiya a hankali, 'yan wasanmu tsufa suka yi tare, masu ƙarfin cikinsu kuma Amurka ta kwashe. Amma a kantin da ke kan kwana, inda ake buga domino, babu mai kawo wannan zancen. Safa ce kawai.

An yi ta neman magani. A shekara ta biyu fada ya zo daga coci ya yayyafa ruwan albarka a fili, mai tsaron tsakiya ya zame a kai ya gurɗe. A ta uku Don Eleuterio ya ce sunan Kunkuru ne ke hana mu gudu, ya mai da mu Shaho. Shekara biyu muna shan kashi da sunan Shaho, sai aka koma Kunkuru, don ko ba komai kunkuru ba a yi masa dariya in ya zo na ƙarshe. An taɓa buga wasa ɗaya babu safa kwata-kwata, mutum shida suka fito da bororo a dunduniya. An ɗauko wani ƙaton mai bugu daga ƙasar waje, ashe tsoron ƙaguwa yake, filinmu kuma a bakin teku yake. Ranar da ƙaguwa ta fito kusa da shi, ya yar da sanda ya hau kafaɗar alƙalin wasa.

A shekara ta biyar 'yan kallo sun ragu har mai sayar da gyaɗa ya san kowa da sunansa, in wani bai zo ba ya aika a duba lafiyarsa. Duk wannan lokaci Doña Vinda tana tsallaken gada, a barandar ƙanwarta, da rediyo a cinya. Maƙwabta sun ce daga bakin titi ana jin ta tana gaya wa rediyon irin jifan da ya kamata a yi, rediyon kuma bai taɓa ɗauka ba.

A shekara ta shida kafaɗar Casimiro ta gaji, ya ajiye jifa, aka ba shi aikin koci saboda babu wanda ya nema. Nan ya ba mu mamaki. Ya riƙa hawa acaba yana bin ƙauyukan rake, yana tsayawa duk inda ya ga samari suna bugun murfin kwalba da sandar tsintsiya. Wanda ya iya bugun murfin kwalba, in ji shi, ƙwallo a wurinsa kabewa ce. Ya tattaro su, ya koya musu abu ɗaya sau ɗari ba tare da ya ɗaga murya ba. Cikinsu har da Wander, wani siririn mai jifa da ba ya iya kallon mutum a ido. Shekara ta bakwai muka zo na ƙarshe, amma da kyan gani. Ta takwas na biyar, ta tara na uku.

A shekara ta goma nasara ta dawo. Tun ranar farko Casimiro ya kafa wa kowa ƙusa a bango, ya ce nan za a riƙa rataye safa, wanda ya taɓa ta da ruwa ya nemi wata ƙungiyar. Bayan mako uku ɗakin canja kaya ya fara wari. Bayan wata biyu ɗan jaridar da ya zo hira daga bakin taga ya yi tambayoyinsa. Casimiro kuwa kullum sai ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya rufe ido, ya ja numfashi mai tsawo, ya ce wa samarin su shaƙa da kyau, haka ɗakin ya yi wari a shekarar kofi.

Haka muka kai wasan ƙarshe, wanda duk wanda ya ci shi ke da kofi. Lahadi ce, za a fara ƙarfe huɗu. Wajen ƙarfe ɗaya 'yan wasa suna zaune suna cin mangú, tuwon dafaffiyar ayaba, suka ji gudu a cikin silin. Kafin su ɗaga kai allo ɗaya ya ɓalle, kuliyoyi uku suka faɗo tsakiyar ɗaki, ta gaba da rabin bakalawo a baki, kifin gishirin nan, wanda ya daɗe da barin hanyar arziki. Suka fice da shi ta taga. Iskar teku ta shigo. Cikin minti goma wari ya ɗauke.

Casimiro ya tashi a hankali, ya ciro safar Wander daga ƙusa, ya kai hanci. Daga waje jan ƙasa ce, amma ciki sabulu.

Aka tura acaba tsallaken gada. Doña Vinda ta iso da rediyonta a hammata, ta tsaya a bakin ƙofar fili, ba ta tsallake ba, don har yanzu doka tana nan. Casimiro da Don Eleuterio suka fito, 'yan wasa a bayansu babu takalmi.

Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce duk ranar Litinin da safe, da yake babu wasa, takan dafa safar kowa, ta shanya, ta shafa mata ƙasar fili daga waje, ta mayar kan ƙusa. Kifin kuma ita ke sa shi a silin don warinsa ya kwantar da hankalin kowa. Ta ce ta ga yatsun Wander sun fara tsagewa, ba za ta zuba ido ɗan mutane ya ruɓe daga ƙasa ba.

Casimiro ya tambaye ta tun yaushe.

"Tun kana saka wandon da ya fi ka girma, ɗan nan," in ji ta. "Har shekarar kofin ma. Waccan Lahadin mantuwa na yi ban shafa ƙasa ba, ƙanwata ke naƙuda."

Mai cafke ƙwallo ya yi alamar gicciye. Don Eleuterio ya share gumi, ya yi tunani irin na mutumin da ya saba da wasan nan, ya ce to, ai magana ta fito fili: duk nasarar bana an yi ta ne da wankakkiyar safa, da kifi, da Doña Vinda a tsallaken gada. Ba a canja komai ranar wasan ƙarshe. A nemo wani kifin, ita kuma a mayar da ita.

Doña Vinda ta gyara rediyonta, ta juya ta nufi acaba.

"Tsaya, Doña," in ji Casimiro. Ya juya wajen mai ƙungiya. "Don Eleuterio, wasanni mun ci tana tsallaken gada. Amma kofi guda nawa muka taɓa ci?"

"Ɗaya."

"A ina take zaune ranar?"

Don Eleuterio ya waiga wajen layi na uku. Ya ce a bar ta ta shiga, amma idan aka sha kashi, gadar ma ta yi kusa.

Aka sayo sabon bakalawo, kuma da yake silin ya ɓalle, 'yan wasa suka dage a sa shi ƙarƙashin kujerarta. Fili ya cika maƙil, har kan katanga, amma layi na uku ita kaɗai ce a ciki, da jakar kifi, da rana.

A zagaye na tara, wato na ƙarshe, muna gaba uku da biyu. An fitar da masu bugunsu biyu, saura ɗaya a tashi wasa, amma suna da mutum ɗaya da ke dab da kammala zagaye ya rama musu ci, kuma babban mai bugunsu ne ya ɗauki sanda. Wander ya tsaya yana kallon takalminsa. Doña Vinda, wadda ta shekara goma tana magana da rediyo, ta manta yau ana jin ta. Ta miƙe ta ce da ƙarfi ya jefa masa ta ƙasa, mutumin nan tun bara ba ya iya sunkuyawa. Duk fili ya ji, har mai bugun. Ya sunkuya tun kafin a jefa, don ya nuna mata ya iya. Wander, da tsoro ya hana shi jin komai, ya jefa ta sama. Sanda ta wuce ƙarƙashin ƙwallo da kusan taƙi guda. Mai bugun ya fita, kofi ya zama namu.

Kwana uku aka yi ana kiɗa a Puerto Almendro.

Da kaka ta zagayo, Don Eleuterio ya kafa sabuwar doka: ba a fara wasa sai Doña Vinda ta zauna a layi na uku da jakarta. Ranar bikin babbar 'yar ƙanwarta sai da aka jinkirta wasa minti arba'in, acaba ya ɗauko ta daga coci da kwalliyarta. Ta zauna, ta tura kifin ƙarƙashin kujera da ƙafa, ta gaya wa alƙalin wasa jifan farko da ya ƙirga bai shiga ba.