Gumin Gilashi a Bakin Tekun Wakra

Murja ta sake goge wani hoton, ta jawo na gaba ya cika fuskar kwamfutar. Shi ma tas yake: teku shuɗi, yashi fari, kwale-kwalen masunta a gefe, iyakar ruwa a miƙe kamar an ja ta da rula. Babu abin kushewa a jikinsa, kuma abin da ke ci mata rai ke nan. Irinsa ake bugawa a kalanda.

Ita fa likitar haƙori ce, hoto sha'awa ce kawai ta kama ta. Tun zuwansu Doha ita da mijinta, duk Bahaushen da aka yi wa haihuwa sai ya neme ta, ta ɗauki jariri da tiren shinkafa, a sallame ta da Allah ya saka. Ta gaji da zama mai hoton suna. So take a rataya aikinta a bango, baƙo ya tsaya ya kalla ba don ya san kowa a ciki ba.

Ga damar kuwa ta zo. Ƙungiyar masu hoto da ta shiga za ta baje koli a wani zaure a kasuwar Souq Waqif. Shugabansu, Malam Abdulbaqi, malamin jami'ar da yabo ke yi wa wuyar fita daga baki, ya ga wani hotonta na bakin tekun Wakra, ya daɗe yana kallonsa. Hoton da ta kusa gogewa ne ma. Komai a cikinsa dishi-dishi, ruwa da sama sun narke cikin juna, kwale-kwale ɗaya na neman ɓacewa. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya kama zafin Agusta haka ba. Ya ce ta kawo biyu irinsa kafin Lahadi a ba ta bango guda, in ba haka ba a ba wani.

Ta ce to. Sai dai ita kanta ba ta san yadda aka yi ya fito haka ba.

Da safiyar Juma'ar nan ta koma Wakra da shiri irin na ƙwararru. Ta isa da wuri, ta kafa kyamara a kan ƙafafunta, ta zauna jiran haske, zufa na bin bayanta. Ga sakamakon nan a gabanta, tsaf-tsaf, ba rai. Ta gwada dusashe ɗaya da kwamfuta, ya fito kamar an shafa masa man shanu.

Mijinta Haliru, injiniya a kamfanin gas, ya leƙo cikin shirin masallaci. Ya ce shi a ganinsa waɗannan sun fi, ko ba komai mutum ya gane abin da aka ɗauka. Ta harare shi, ta tashi ta raka shi ƙofa.

Yana taka waje, iskar unguwarsu ta Mesaimeer mai ɗumi da danshi ta tarbe shi, tabaransa ya yi fari fat, kamar kullum in ya fito daga sanyin ɗaki. Ya kai hannu zai cire, ta riƙe shi.

"Kada ka goge."

"Ikon Allah. In tafi masallaci a makance?"

Ta matso kusa da shi. Gumin gilashin take kallo yana janyewa a hankali, idanunsa na bayyana dishi-dishi. Nan take ta tuna. Ranar da ta ɗauki hoton da aka yaba, a guje ta diro daga mota don kada kwale-kwalen ya wuce, kyamarar kuwa ta sha sanyi a kujerar gaba tun daga gida. Yau da ta zauna jira, gilashin ya huce ya bushe. Natsuwar ce ta cuce ta.

Abin ya yi mata ciwo, ba kaɗan ba. Ashe hoton da aka yaba, sanyin mota ne ya ɗauka, ita maɓalli kawai ta danna. Ta zauna da wannan har Haliru ya dawo. Ya same ta sanye da mayafi, makullin mota a hannu.

Bayan la'asar suka kama hanyar Wakra, sanyin mota a ƙure, kyamarar a bakin inda iskar ke fitowa. Haliru na tuƙi yana mitar bai taɓa jin wanda mura ta kama a Agustan Qatar ba sai shi.

Suna isa ta fita. Hoton farko ya fito fari sol. Ta dake, ido a kan kyamara, tana jiran lokacin da gumin zai yi siriri har teku ta fara leƙowa. Ta danna. Kafin ta sake, gilashin ya washe.

Ta dawo mota ta duba. Ruwa da sama sun narke yadda take so, amma kwale-kwalen ya maƙale a gefe, yashi ya cinye rabin hoton. Bai isa bango ba. Ta ji wani daɗi ya ratsa ta, don wannan karon aibin nata ne, kuma ta san inda yake.

"Khalas? An gama? Mu tafi?" in ji Haliru.

Ta mayar da kyamarar bakin iska, ta ja ƙofa ta rufe.

"Ƙara sanyin, Injiniya."