Ajiyata a Bayan Wata

Jiya da dare wani mafarki na yi. Wai wayata ta faɗa cikin tukunyar kunu ta narke, da muryar marigayiya Kakata a ciki, wadda na naɗa lokacin da take yi min tsiya wai miyata ba gishiri. Ita kaɗai ta rage min. Sai aka ce in kwantar da hankali, komai na waya akwai na biyunsa a ajiye a bayan wata, inda gobara da ambaliya ba sa zuwa.

Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa sama, na shiga bahon wanki ya ɗaga ni.

Can na tarar da ofis. An ɗaura igiyar shanya daga tauraro zuwa tauraro, hotunan mutane da muryoyinsu a rataye. Na shiga layi. Duk wanda ya zo sai in matsa masa, har da wata kaza.

Mai ofishin bunsuru ne da tabarau, yana taunar hotunan bikin wasu.

"Abin da ba a karɓa ba kafin asuba, ni nake cinyewa," in ji shi. "Faɗi kalmar sirri."

Kalmar sirrina sunan Munzali ce, mai shagon caji a bakin layinmu. Ban taɓa ce masa komai ba ban da "ta cika?"

"In rubuta maka?" na tambayi bunsurun.

"Nan ba iska, biro ba ya kamawa. Ɗaga murya."

Na waiga, sai ga Gwaggo Tabawa a bayana, wadda ko tari ka yi sai dangi sun ji. Ta zo karɓar hotunan kitsonta.

"Ke Sa'a, faɗi mana, ƙafata ciwo take!"

Na yi raɗa.

"Mun me?" in ji bunsuru. Ya ciro muryar Kaka daga igiya, ya shinshina, ya sa gefenta a baki.

Na rufe ido, na buɗe maƙogwaro. "MUNZALI!"

Ya saki. Muryar ta faɗo tafin hannuna da ɗuminta, tana cewa, "Wannan miya ce ko ruwan alwala?"

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Umma ce take shara daidai ƙofar ɗakina. Sharrr, sharrr. Sai tsintsiyar ta tsaya.

"Sa'a, kin tashi? In kin yi salla ki zo, ina son ganinki."